Jefri de Havilland, Ɗan Fasto Mai Ƙera Jiragen Sama

Ran 1 ga Nuwamba, 1925, a zamanin Sarkin Kano Usman, mutanen Kano suka ji wata ƙara daga wajen gabas wadda ba su saba jin irinta ba. Da suka ɗaga kai sai ga jiragen sama uku na sojan Ingila, suka kewaya, suka sauka a wani fili a bayan birni. Shugaban matuƙan sunansa Arthur Coningham. Daga Helwan kusa da Alkahira suka taso ran 27 ga Oktoba, suka biyo ta Hartum da Fashir da Tafkin Cadi, watau hanyar nan da alhazai su kan yi watanni suna takawa da ƙafa. Su kuwa cikin kwana 6 suka ƙare ta.

Sunan irin jiragen nan D.H.9A. Harufan nan biyu, D da H, farkon sunan mutumin da ya fara zana irinsu ne, Geoffrey de Havilland. Mu a bakinmu sai mu ce Jefri. Labarinsa za mu ba ku a wannan wata, musamman saboda samarinmu na Warra da Yelwa da Ngaski da Shanga waɗanda su ke marmarin koyon aikin injiniya na jirgin sama, da iyayen da za su biya kuɗin karatun.

An haife shi ran 27 ga Yuli, 1882, kusa da wani gari da a ke kira High Wycombe a Ingila, garin da ya yi suna wajen sassaƙar kujeru. Ubansa, Charles de Havilland, fasto ne na Ekklesiyar Ingila. Gidan ba na masu dukiya ba ne, ana kuwa tsammani yaron zai bi sawun ubansa cikin aikin ekklesiya. Amma shi da wansa Ivon, tun suna ƙanana, hankalinsu yana wajen injuna da lantarki. Uban bai tilasta masa ba. Cikin 1900 aka sa shi a makarantar injiniya ta Crystal Palace a Landan, ya yi shekara 3 a can.

Ku lura da shekarar. A 1900 babu makarantar koyon ƙera jirgin sama ko ɗaya, gama jirgin sama mai inji bai tashi ba tukuna. Sai cikin Disamba 1903 'yan'uwan nan biyu na Amurka, Wilbur da Orville Wright, suka fara tashi. Abin da Jefri ya koya aikin inji ne kawai, amma yadda aka koya masa shi ne abin dubawa. A makarantar nan ɗalibi ba ya zama a kan benci yana rubutu kaɗai. Ya kan shiga ɗakin zane ya zana abin da za a yi, ya sassaƙa siffarsa da itace, ya ga yadda a ke zuba narkakken ƙarfe, sa'an nan ya tsaya da magagari a hannu yana gogawa har abin ya zauna daidai. Kafin ya fita makaranta ya ƙera injin babur da hannunsa, ya ɗaura shi a jikin keke, ya riƙa hawa zuwa gidan ubansa. Daga baya, da ya matsu da kuɗi, ya sayar wa waɗansu abokan karatunsa zanen injin a kan fam 5. Su kuwa suka kafa sana'a a kansa.

Bayan makaranta ya yi koyon aiki a ma'aikatar injuna ta Willans da Robinson a garin Rugby. Daga nan ya zama mai zane a kamfanin motoci na Wolseley a Birmingham, albashinsa sule 30 a mako. Aikin bai gamshe shi ba, bayan shekara guda ya bari. Wansa Ivon, abokin shawararsa, ya rasu cikin 1905. Jefri ya koma Landan, ya shiga wani kamfani mai ƙera motocin bas. A can ya sadu da wani makanike, Frank Hearle, wanda ya zama abokin aikinsa har tsufansu, ya kuma auri 'yar'uwarsa.

Fam dubu na kaka

Cikin 1908 Wilbur Wright ya zo Faransa ya nuna tashinsa a gaban jama'a, jaridu suka cika da labarin. Jefri yana da shekara 26. Bai taɓa ganin jirgin sama yana tashi da idonsa ba, amma ya ƙudura zai ƙera nasa. Ya tafi wurin kakansa na wajen uwa, Jason Saunders, mai harkar sufuri a Oxford. Tsohon ya riga ya yi niyyar bar masa gadon fam 1,000, sai ya yarda ya ba shi tun yana da rai. In an auna da albashin nan na sule 30, kuɗin ya fi ladan shekara 12. Jefri ya bar aikinsa, Hearle ma ya bar nasa.

Shi da kansa ya zana injin, mai ƙarfin doki 45, wani kamfanin motoci ya ƙera masa. Suka yi hayar wani ɗan shago a unguwar Fulham, suka shiga sassaƙar itace da ɗaurin waya. Cikin 1909 ya auri Louise Thomas, wadda dā ta ke koya wa 'yan'uwansa mata karatu a gida. Amarya ba ta zauna a ɗaki ba. Ta kawo keken ɗinkinta shagon, ita ce ta ɗinka dukan yadin da aka rufe fikafikan jirgin da shi.

Cikin Disamba 1909 suka kai jirgin wani fili mai suna Seven Barrows, kusa da ƙauyen da ubansa ke aikin fasto a lokacin. Ba wanda ya taɓa koya masa tuƙi, gama masu koyarwar ba su da yawa a duniya duka. Ya yi ta gudu da jirgin a ƙasa kwana da kwanaki. Ran da jirgin ya tashi, bai yi nisa ba sai fiffike ya karye, abin duka ya faɗo ya farfashe. Jefri ya fito da ɗan rauni kaɗan. Da suka duba tarkacen suka ga laifin: itacen da suka zaɓa don ƙashin fiffike mai taushi ne, ba ya ɗaukar nauyi. Masassaƙan jiragen ruwa na Yauri da Warra za su gane wannan nan da nan, gama sun sani ba kowane katako ne a ke ba shi amanar rai ba.

Injin bai lalace ba. Da sauran kuɗin kaka suka sāke wani jirgi, mai sauƙin gini, da itace mai ƙarfi. Ran 10 ga Satumba, 1910, ya tashi, ya sauka lafiya. Da kaɗan da kaɗan ya koya wa kansa juyawa da sauka, har ya ɗauki Hearle, ya ɗauki matarsa tana rungume da jaririnsu ɗan wata 8, wanda aka sa wa sunan uban. A ƙarshen shekarar, kuɗi ya kusa ƙarewa, sai ma'aikatar gwamnati ta Farnborough ta sayi jirgin fam 400, ta kuma ɗauke shi aiki, shi ne mai zane, shi ne matuƙin gwaji. Duk abin da ya zana, shi ne zai fara hawa. Cikin 1912 ya kai tsayin ƙafa 10,560 da wani jirgi mai suna B.E.2, ba wanda ya taɓa kai haka a Ingila. Cikin 1913 wani jirginsa ya faɗi da shi, ya karye a muƙamuƙi.

Cikin 1914 ya koma kamfanin Airco, a nan ne aka fara sa wa jirage harufan sunansa. Yaƙin Duniya na Fari ya tashi a shekarar, aka yi ta ƙera jiragensa dubbai. Na D.H.4 kaɗai an yi kusan 5,000 a Amurka. Da yaƙi ya ƙare ciniki ya mutu, aka rufe Airco. Cikin Satumba 1920 shi da Hearle da waɗansu abokai ƙalilan suka kafa nasu kamfani a wani fili mai suna Stag Lane, ofishinsu bukkar katako ce.

Tun yana yaro yana son kama malam-buɗe-littafi, da irin danginsa masu zuwa wurin fitila da dare, waɗanda Ingilishi ke kira Moth. Sunan da ya ba ƙaramin jirgin da ya fitar ran 22 ga Fabrairu, 1925, ke nan. Mutum biyu ya ke ɗauka, injinsa mai ƙarfin doki 60 ne, ana naɗe fikafikansa a tura shi cikin rumfa. Nufinsa shi ne mutum wanda ba soja ba ya iya mallakar jirgi ya kuma iya gyaransa. Da irin wannan jirgi wata budurwa, Amy Johnson, ta tashi ita kaɗai daga Ingila zuwa Ostareliya cikin Mayu 1930. Ƙanensa Tiger Moth, na 1931, an ƙera fiye da 8,000, matuƙa da yawa na Yaƙin Duniya na Biyu a cikinsa suka koyi tuƙi. Mu ma jiragensa sun yi mana aiki. Cikin 1936 jirgin D.H.86 mai inji 4 ya fara kawo wasiƙu daga Hartum zuwa Kano. Cikin 1947 kuma, da kamfanin jiragen sama na Afirka ta Yamma ya fara aiki a Nijeriya, da jiragen Dove ya fara, watau Kurciya, su ma na kamfanin de Havilland ne.

Makarantar da ke cikin ma'aikata

Cikin 1928 kamfanin ya buɗe makarantarsa ta koyon aikin jirgin sama, daga baya ta ƙaura tare da ma'aikatar zuwa garin Hatfield. A ganinmu wannan yana cikin manyan ayyukansa, ko da ya ke ba a cika ambatonsa ba. Tsarinta irin wanda shi kansa ya bi ne yana saurayi. Yaro ya kan fara a bencin magagari. Daga nan ya bi sassan ma'aikata ɗaya ɗaya, wurin itace, wurin yadi, wurin fallen ƙarfe, wurin injuna, kāna a bar shi ya shiga ɗakin zane. Da yamma kuwa ga karatun lissafi da ilimin yadda iska ke ɗaukar fiffike. Dalilin a fili ya ke. Wanda bai taɓa lanƙwasa ƙarfe da hannunsa ba ya kan zana abin da ba shi yiwuwa a ƙera, ko kuwa ya ɓoye ƙusa a inda hannun makanike ba zai kai ba. Wanda kuma ya iya hannu kaɗai, ba lissafi, zai maimaita kuskuren itacen nan na 1909.

Abin da ya fi ban mamaki shi ne an bar ɗalibai su zana jirgi na gaske, su ƙera shi, a hau shi. Na farko, T.K.1, ya tashi cikin 1934, na biyu cikin 1935, aka kuwa shiga tsere da su. Amma abin ba wasa ba ne. T.K.4, ƙaramin jirgin tsere mai gudu ƙwarai, ya faɗi ran 1 ga Oktoba, 1937, ya kashe Robert Waight, babban matuƙin gwaji na kamfanin. Wanda ya gaji aikin shi ne jaririn nan da aka ɗauka a sama cikin 1910, Jefri ƙarami.

Ɗaliban makarantar ne suka ƙera kwatankwacin jirgin 'yan'uwa Wright domin gidan ajiye kayan kimiyya na Landan, sa'ad da aka mayar da na ainihi Amurka cikin 1948. A Hatfield kuma aka buɗe kwalejin fasaha cikin 1952, a filin da shugaban kamfanin, Alan Butler, ya bayar. Ita ce ta zama Jami'ar Hertfordshire cikin 1992, ana ba da digirin injiniyan jirgin sama a cikinta. A ƙasarmu, makarantar koyon aikin jirgin sama ta Zariya, wadda aka kafa cikin 1964, tana horar da matuƙa da injiniyoyi masu gyaran jirage, makarantar fasaha ta sojan sama a Kaduna kuma tana ba da digiri a wannan fanni. Uban da zai kai ɗansa irin wannan karatu, ko a gida ko a waje, ya kamata ya tambaya awa nawa ɗalibi ke yi a ɗakin aiki, ko kuwa akwai injin jirgi na gaske da a ke barinsa ya kwance ya ɗaura.

Sauro, da 'ya'ya biyu

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya gabato, kamfanin ya kawo shawarar jirgin yaƙi na itace, marar bindigar tsaron kai, wanda gudunsa ne kaɗai zai cece shi. Manyan ma'aikatar sojan sama da yawa suka ƙi, gama a lokacin kowa ya koma ƙarfe. Wani babban hafsa, Wilfrid Freeman, ya tsaya masa. Aka sa wa jirgin suna Mosquito, watau Sauro. Jikinsa fallayen itace ne sirara guda biyu, a tsakaninsu an manne wani itace marar nauyi mai suna balsa, wanda a ke kawowa daga Ekwado. Ƙarfe ya yi wuya a lokacin yaƙi, amma kafintoci suna nan, har masu yin kujeru na High Wycombe, garin haihuwarsa, suka shiga aikin. Jefri ƙarami ne ya fara tashi da shi ran 25 ga Nuwamba, 1940. An ƙera 7,781. Cikin 1944 Sarki Joji na 6 ya ba de Havilland lambar girma ta Sa.

'Ya'yansa maza uku ne, Jefri da Peter da John. Cikin Agusta 1943 John yana gwajin wani Mosquito, ya yi karo da wani a sararin sama, dukan mutum huɗu da ke cikin jiragen biyu suka mutu. Ran 27 ga Satumba, 1946, Jefri ƙarami yana gwada D.H.108, jirgi marar wutsiya da aka yi domin binciken gudu kusa da saurin sauti, sai jirgin ya wargaje a bisa bakin kogin Thames. Bayan kwanaki aka sami gawarsa. Uwarsu Louise, wadda ta ɗinka fikafikan farko, ba ta sāke samun lafiya sosai ba, ta rasu cikin 1949. Mutumin ba mai yawan magana ba ne, ya koma bakin aikinsa. Cikin 1951 ya sāke aure.

Tauraro mai wutsiya

Ran 27 ga Yuli, 1949, ranar da ya cika shekara 67, jirgin Comet ya fara tashi. Ma'anar sunan tauraro mai wutsiya. Matuƙin, John Cunningham, tsohon ɗalibin makarantar kamfanin ne. Wannan shi ne jirgin fasinja na fari mai injin jet, wanda ba shi da farfela, sai dai ya zuƙi iska ta gaba ya feso ta da zafi ta baya. Ran 2 ga Mayu, 1952, ya fara jigila daga Landan zuwa Johannesburg da fasinja 36, cikin ƙasa da awa 24. Ingila ta ga ta tsere wa Amurka.

Injin jet yana shan mai da yawa in yana ƙasa ƙasa, saboda haka dole jirgin ya hau har wajen ƙafa 35,000 ko fiye. A can iska ba ta isa mutum ya yi numfashi, sai a hura iska cikin jirgin a matse ta. Kowace tafiya jikin jirgin ya kan ɗan kumbura in ya hau, ya saki in ya sauko. Ran 10 ga Janairu, 1954, wani Comet da ya tashi daga Roma ya fashe a sama kusa da tsibirin Elba, mutum 35 suka hallaka. Aka tsai da jiragen, aka yi gyare-gyare bisa zato, aka sāke sakinsu cikin Maris ba a tabbatar da dalilin ba. Wannan gaggawa ce, ta kuwa ci rayuka. Ran 8 ga Afrilu wani ya sāke fashewa kusa da Naples da mutum 21.

Sojan ruwa suka tsamo yawancin tarkacen na Elba daga ƙarƙashin teku. A Farnborough, inda de Havilland ya fara aiki shekara 44 da suka wuce, aka gina babban tanki, aka sa jikin wani Comet a ciki, aka cika da ruwa. Dare da rana ana matsa ruwa cikin jirgin ana saki, kowane matsi a madadin tafiya guda. An zaɓi ruwa domin in jikin ya tsage ba zai tarwatse kamar da iska ba, za a ga inda tsagar ta fara. Da aka haɗa tafiyar gaske da ta tanki ta kai 3,057, sai jikin ya tsage daga kusurwar wata ƙofa. Tarkacen Elba kuma ya nuna tsaga daga kusurwar wata ƙaramar taga a rufin jirgin.

Abin da a ke kira gajiyar ƙarfe ke nan. Ɗauki waya ka lanƙwasa sau ɗaya, ba za ta karye ba. Yi ta lanƙwasawa kana miƙewa, za ta karye ba tare da ka ƙara ƙarfi ba. A kusurwa kuma, da bakin ramin ƙusa, nauyi ya kan taru fiye da sauran wurare. Mutanen bakin Tafkin Kainji sun san jirgin da ya haye lafiya sau ɗari yana iya tsagewa a hayi na gaba, ba su kuwa manta da wanda ya nutse kusa da Warra cikin Mayu 2021 da mutane masu yawa ba. Kada a ce kamfanin bai yi gwaji ba. Ya yi, sashen da ya gwada ya jure matsi dubbai da yawa. Amma an fara matsa sashen nan da ƙarfi fiye da kima tun kafin gwajin, wannan kuwa ya ƙara wa bakin ramukan tauri, ya ɓoye rauninsu. Gwajin da kansa ne ya ruɗe su.

Aka buga sakamakon binciken a fili, masu ƙera jirage na kowace ƙasa suka karanta suka amfana, har da abokan gasa. Kamfanin ya sāke gina jirgin da fata mai kauri da tagogi masu zagayayyen baki. Ran 4 ga Oktoba, 1958, Comet 4 ya fara jigilar fasinja ta jet a ƙetaren tekun Atlantika, mako 3 kafin Boeing 707 na Amurka. Amma shekarun da aka yi hasara ba su komo ba, ciniki ya tafi wurin Boeing. Cikin 1960 kamfanin de Havilland ya shiga ƙarƙashin Hawker Siddeley.

Shi kansa ya riƙa tuƙa ƙaramin jirginsa har ya kai shekara 70. Cikin 1955 ya janye daga aikin yau da kullum. Ya kan tafi Afirka ta Gabas ɗaukar hoton namun jeji, a gida kuma yana kiwon malam-buɗe-littafinsa. Ya rubuta labarin ransa cikin wani littafi da ya fito a 1961. Ya rasu a asibiti a garin Watford ran 21 ga Mayu, 1965, yana da shekara 82. Aka ƙone gawarsa bisa ga al'adar waɗansu Turawa, aka watsa tokar daga jirgin sama a kan filin Seven Barrows, inda fiffikensa na fari ya karye cikin 1909.